Clarrie Mai Bin Bayanmu

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, ina tsakar gida ina shanya wanki Nola ta kira ni a waya. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "Lorna, ya tafi." Na ce to. Na ajiye wayar a cikin kwando, na ci gaba da shanya har na gama, domin ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Haka labarin rasuwarka ya iske ni, Clarrie Hosking, mai kiwon shanun tatsa na garin Toora, mijin Nola, mahaifin Bronwyn, mai bin bayan ƙungiyarmu ta masu tattaki tun kafin yawancinmu mu sayi takalmin tafiya. Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinsa, kuma mu ma can muka nufa, kowa da saurin ƙafarsa.

Ƙungiya ta ce ni zan rubuta wani abu a kanka. Na ce su ba Gwenda, ita ce shugabar tafiya, ita ta iya tsara magana. Gwenda ta ce idan ta fara ba za ta iya ƙarasawa ba. To ga ni, ƙafa a kan kujera, gwiwa ta kumbura, shayi ya huce. Na gaji, Clarrie. Na gaji da amsa waya, na gaji da yanka burodi a zauren coci, na gaji da masu riƙe mini hannu suna cewa ai ka tafi kana cikin abin da kake so. Ina! A gadon asibiti ka cika, da roba a hanci, kana ƙorafin cewa shayinsu ruwan wanke kwano ne. Abin da kake so ka riga ka yi shi makonni kafin nan, da ƙyar da jiɓin goshi, kuma saura kaɗan a hana ka. Abu ɗaya ka taɓa roƙonmu a duk zamanmu da kai: ka sake kaiwa hasumiyar fitilar jiragen ruwa da ke ƙarshen gandun daji na Prom da ƙafarka, kada a ɗauke ka a hanya. Labarin nan zan bayar, don shi ne ya tsaya mini a rai.

Sababbin shiga ƙungiya sun san ka ne kana tari, don haka ya kamata su ji ko kai wane ne. Kowace tafiya tana da shugaba a gaba da mai bin baya a ƙarshe. Na gaba yana da taswira, shi ake yabo idan an dawo. Na baya yana da usur a wuya da jakar magani da dokarsa: ba ya wuce kowa, ba ya barin kowa. Idan wani ya shiga daji zagayawa, ya tsaya ya jira. Idan wata ta zauna a kan dutse ta ce ita ba inda za ta ƙara zuwa, ya zauna kusa da ita har ta sake shawara. Ba mai son aikin nan. A wasu ƙungiyoyin karɓa-karɓa ake yi. A tamu kai ka riƙe shi, ba wanda ya naɗa ka, ba kuma wanda ya iya ƙwacewa. Stav mai shagon kifi a garin Foster ya taɓa tambayarka ko ba ka gajiya da kallon bayanmu. Ka ce, "Ni da na ƙare rayuwata ina bin bayan shanu zuwa wurin tatsa? Ku da su bambancin kaɗan ne, su dai ba su da surutu." Stav ya ce, "Kuma su suna ba da madara." Ka ce, "Ka ga, da bakinka ka faɗa."

Ni na shigo ƙungiya shekarar da mijina Des ya rasu, don gidan ya yi mini shiru da yawa. Bas ɗin 'yan makaranta na tuƙa duk ƙuruciyata, ƙafafuna ba su san komai ba sai birki. Na cika jakar goyo da rigunan sanyi da gwangwanaye, har da kaskon ƙarfe na suya, wai don kada in ci abinci mara daɗi a daji. A tafiyata ta farko, a hawan nan da ke bayan rafin Sealers, numfashina ya ƙare, idona ya fara ganin duhu, amma girman kai ya hana ni cewa a tsaya. Sai na ji murya a bayana: "Direba, dakata mini, igiyar takalmina ta kwance." Ka durƙusa kana ɗauri a hankali, kana kwancewa, kana sakewa. Muka ɗan taɓa tafiya, ta sake kwancewa. Da abin ya yi yawa na fusata, na ce, "Bawan Allah, ko in koya maka ne?" Ka ce, "Hannun tatsa ne, bai iya ƙananan ayyuka ba." A zango ka ce in ara maka kaskona wai naka ya huje, ban sake ganinsa ba sai a wurin ajiye motoci. Na koma gida ina ba da labarin wani tsoho da bai iya ɗaurin takalmi ba. Sai da na ga ka yi wa wani, ka yi wa wata, sannan na gane. Ba ka taɓa tambayar mutum ko ya gaji ba, don ka san ƙarya zai yi maka.

Kuma aikin yana da tsada, mu ne dai ba mu cika lura ba. Kullum kai ne ƙarshen isowa. Kafin ka sauke jaka an cinye shimfiɗaɗɗun wurare, sai ka kafa tantinka a kan gangare ko kusa da bayan gida. Shayin da aka dafa ya huce, rana ta riga ta faɗa bayan dutse, masu ɗaukar hoto sun gama. Da safe kowa ya goya jaka ya kama hanya, kai kuwa sai ka zagaya zangon, kai a sunkuye, kana tsintar ƙusoshin tanti da safa da cokula da tabarau. Kana da wata 'yar jakar yadi da Nola ta ɗinka maka don wannan. Ranar komawa gida ka zazzage ta a kan bonet ɗin motarka, kowa ya zo ya ɗauki nasa ya sha zolaya. Shekarar da wambat, dabbar dajin nan mai haƙa rami, ya farke tantin Stav saboda burodin da ya ɓoye a ƙarƙashin matashi, kai ka ɗinke shi da igiyar ɗaurin ciyawa, kana ɗinki kana gaya masa dabbar ta fi shi hankali. Har yau da ɗinkin nan yake kwana.

Da sanyin bara tarin ya fara. Likita ya ce huhunka yana ƙandarewa, ba magani, sai dai lallaɓawa. Ka daina zuwa ko gajerun tafiye-tafiye na ranar Asabar, muka riƙa ba wa wannan usur ɗin aro yau, gobe wancan, ba wanda ya yi masa kyau. Ana nan, a taron da muke tsara tafiyar bayan Ista, sai ga ka ka shigo, ka tsaya da hula a hannu kamar mai neman aiki, ka faɗi abin da kake so. Gwenda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, ta san abin da ke cikin ƙirjinka fiye da kai. A jakarta na'urar kiran ceto take, wadda idan an danna jirgi mai saukar ungulu zai zo. Ta ce, "Da sharaɗi. Idan na ga leɓenka ya yi shuɗi, ko na ga ba za ka kai zango da rana ba, zan danna." Ka ce, "A rataye ni a igiya kamar buhun dankali, duk yankinmu na Gippsland na kallo a labarai?" Ta ce, "Ko buhun dankali ko gawa. Zaɓi." Ka juya hular nan a hannunka, ka ce ka yarda.

Ranar tashi Nola ta kawo ka da mota. Ta ja ni gefe, ta danƙa mini kek ɗinta mai zabibi a nannaɗe cikin tsumma, ta ce, "Lorna, ban ce ku dawo mini da shi da lafiya ba, wannan ta wuce. Ku dai bar shi ya kai. Idan aka sauko da shi a jirgi, da baƙin cikin zai mutu, kuma ni zan zauna da shi ina kallo." Na cusa kek ɗin a jaka.

Kana gaisawa da mutane muka yashe jakarka. Stav ya ɗauki tanti, ni na ɗauki risho da abinci, wasu suka raba sauran. Ka dawo ka ɗaga ta, ka ji ba nauyi, ka dube mu ɗaya bayan ɗaya ka ce, "Ɓarayi." Amma usur da jakar magani, da Stav ya kai hannu sai ka buge shi. Muka jeru kamar kullum, Gwenda a gaba, kai a ƙarshe. Ba wanda ya yi tunani a kai. Nan ne wurinka, can muka saba ganinka, ko in ce can muka saba rashin ganinka.

Kuskuren da muka yi ke nan, mu da muke ganin mun san tafiya. Mun sa mara lafiya a inda ba ido. Kuma duk yadda Gwenda ta rage sauri, na gaba ne ke yanka tafiya, na baya kamowa yake yi. Idan muka zauna jiranka mun huta, kana isowa sai mu miƙe, mu ce madalla, mu ci gaba. Kowa ya huta sai kai da aka tsaya dominka. Da muka kai rafin Sealers mun makara, teku ta fara dawowa. Na farko suka haye ruwa iya gwiwa. Ni da nake jan ƙafa ya kai mini cinya. Kai kuwa ka tsaya a bakin gaɓa, ka ƙi sa ƙafa sai da ka ga na fita, sannan ka shiga, jaka a ka, ruwan sanyi har ƙugu. Da yammar nan tarin ya ƙi tsayawa. Gwenda ta zauna a kan wani kututture da na'urar a cinyarta, abincinta ya sandare a kwano.

Washegari a wata kwana na waiwaya, na hango ka rungume da bishiya, baki buɗe, kana neman iska. Kana ganina ka saki bishiyar ka sunkuya, ka ce, "Direba, igiyar nan..." Numfashin ƙarasawa ma babu. Igiyar tana nan a ɗaure tamau. Allah sarki, dabarar da ka yi wa rabin ƙungiya yau kanka kake yi wa, kuma ba ta rufe ka ba. Na dawo na zauna a gefenka ina kallon teku. Na san idan na gaya wa Gwenda za ta danna. Na san idan ban gaya mata ba za ka iya faɗuwa a bayanmu, ba wanda zai ji. Ga maganar Nola a kunnena. Wallahi ban taɓa jin nauyin jaka kamar na wannan rana ba. Ban gaya mata ba, amma Gwenda ba makauniya ba ce.

Da safe a zangon Waterloo, ranar da za mu nufi hasumiya, wadda ta fi kowace tsawo, mun naɗe tantuna mun goya jaka sai Gwenda ta tsaya a gabanka.

Ta ce, "Clarrie, yau kai ne a gaba. Saurinka shi ne saurinmu, idona a kanka. In ba haka ba yanzu zan danna, ga fili nan a bakin teku, jirgi zai sauka ba wahala."

Ka ce, "Ban taɓa wuce kowa ba."

"To yau za ka fara."

"Nemi wani abin, Gwenda."

"Ba ni da wani abin."

Ka sauke jakarka ka zauna a kai, ka harɗe hannu. Ita kuma ta ciro na'urar ta buɗe murfin. Na san ku duka biyu, ba mai lanƙwasuwa a cikinku. Stav ya gwada wasa, ya ce, "Haba tsoho, shekara da shekaru kana kallon namu, yau ka bari mu ga naka mana." Ba wanda ya yi dariya. Can ka ɗago, murya ƙasa-ƙasa, ka ce, "Idan na shiga gaba, wa zai san an bar wani?"

Ashe abin da ke damunka ke nan. Mu muna ɗauka taurin kai ne.

Na ajiye sandata na miƙa hannu, na ce, "Ba ni usur ɗin."

Ka ce, "Ke? Da gwiwa ɗaya?"

Na ce, "Ai shi ya sa. Duk ƙungiyar nan wa zan iya wucewa ko da na so?"

"Ba ki da haƙuri, Direba. Bakinki kaɗai ya isa ya sa mutum ya faɗa teku."

"Bakin nan da shi na yi jigilar 'ya'yan mutane har na tsufa, ban taɓa barin ɗan kowa a bakin titi ba. Kuma na iya ɗaurin takalmi a hankali, wurin gwani na koya."

Ka zuba mini ido. Ka ce, "Ashe kin sani."

Na ce, "Clarrie, kowa ya sani. Hankakin dajin nan ma sun sani."

A nan ne ka yi dariya, dariyar ta koma tari, muka jira ya lafa. Ka cire usur daga wuyanka ka rataya mini. Ka ba ni jakar magani, ka ba ni 'yar jakar Nola. Ka ce, "Ba ki wuce kowa. Ba ki barin kowa. Kafin ki bar zango ki zagaya, ko da kin tabbata ba komai." Na ce na ji. Gwenda ta rufe murfin ta sa na'urar a aljihun rigarta, ba a jaka ba, kowa ya ga inda ta sa.

Na zagaya zangon, na tsinci ƙusa da soson wanke kwano, na bi bayanku. Hanya ta sauka bakin teku, ruwa ya janye ya bar farin yashi a wanke, ba sawun kowa sai na tsuntsaye. Ka taka kaɗan ka tsaya cak. Gwenda ta zabura, ta ɗauka numfashi ne. Ka ce, "Ashe haka yake? Ni ban taɓa ganinsa ba sai kun tattake shi." Ka riƙa ɗaga ƙafa a hankali kamar wanda ya shiga ɗakin da aka gama gogewa. Da muka shiga daji saƙar gizo ta fara kama maka fuska, kana tofarwa kana zagi, ka ce, "Gwenda, ashe wannan kike ci duk shekarun nan ba ki taɓa faɗa ba?" Ta ce karin kumallonta ke nan. Amma waiwaye bai bar ka ba. Kowace kwana sai ka juyo kana leƙen ƙarshen layi, ni kuma sai in ɗaga sandata sama, alamar kowa yana tafe, sannan ka ci gaba.

Ranar ce na fara ganin bayanka. Duk shekarun nan fuskarka na sani da muryarka a ƙeyata. Na ga wuyanka ya zama siriri a cikin kwalar riga, na ga wando ya tattare a ƙugu inda ka huda sabon rami a bel, na ga yadda kafaɗunka suke ɗagawa da kowane numfashi. Na yi kuka, Clarrie, ina tafe ina yi, majina da hawaye. A nan na gano wani amfanin baya da ba ka taɓa gaya mana ba, ba mai ganin mutum. Ban san ko kai ma ka yi naka a can ba, shekarar da ruwa ya ci maka garke ko shekarar da ɗan'uwanka ya rasu, kana tafe a bayanmu muna ta surutu.

Hawan ƙarshe kowa ya san shi, siminti ne a miƙe, iska tana dukan mutum ta gefe. Ga hasumiya ana gani, amma ba ta matsowa. Ka riƙa taku kaɗan kana tsayawa, hannu a gwiwa. Ba mu shirya ba, ba wanda ya ce a yi, amma da ka tsaya na farko sai na ga Stav ya sunkuya yana kwance takalmi. Na bayansa ya sunkuya. Kafin ka ankara duk layin ya duƙa, tsofaffi a jere a kan gangare, kowa yana fama da igiya. Ka miƙe, muka miƙe. Ka tsaya, muka duƙa. Wasu masu saukowa suka tsaya suna kallonmu, ɗaya ta ce lafiya? Stav ya ce, "Al'adar garinmu ce, 'yar'uwa, ku wuce abinku."

Daga baya ba na hango fuskarka. Gwenda ce ta gaya mini bayan jana'iza, muna wanke kofuna. Ta ce a tsayawar da ka yi dab da ƙarshe ka juyo, leɓenka ya yi shuɗi sosai, irin wanda ta san ma'anarsa. Hannunta yana aljihu, yatsanta a kan murfin. Na ce to me ya hana ki? Ta ce, "Igiyar takalmina ta kwance, Lorna. Na sunkuya, ban ga komai ba." Matar da ba ta taɓa karya doka ba ke nan, ko da dokar ajiye mota ce. Ta ce har ta mutu ba za ta san ko daidai ta yi ba. Na ce ta je ta tambayi Nola.

Ka kai. Kai ne na farko da ya ɗora tafin hannu a bangon dutsen nan, ka jingina goshi, ka daɗe a haka. Ni ce ta ƙarshe, ina ɗingishi, na same ka har lokacin a tsaye, ka ƙi zama. Da ƙyar ka haɗa kalma uku: "Kowa ya iso?" Na ce kowa. Sannan ƙafafunka suka saki, Stav ya tare ka. Aka miƙa maka kofin farko daga tukunya, ka kurɓa, ya ƙona maka harshe, ka ce, "Kai! Haka kuke shansa?" Muka yanka kek ɗin Nola, ka ci yanka biyu, ka zauna kana kallon teku har rana ta faɗi a gabanka. Washegari muka lallaɓa da kai zuwa inda hanyar mota ta fara, wani ma'aikacin gandu ya ɗauke ka. Ba ka yi gardama ba. Ka shiga gidan gaba kana ɗaga mana hannu kamar mai neman ƙuri'a.

Da na je duba ka a asibiti na kai maka usur ɗin. Ka ture hannuna ka ce, "Ba aro na ba ki ba." Maganarmu ta ƙarshe ke nan, ban da ƙorafin shayi.

Mun binne ka a maƙabartar Toora, inda ake hango duwatsun Prom a tsallaken ruwa idan gari ya washe. Ranar bai washe ba. Nola ta ce mu zo da takalman tafiya, muka zo da su ƙarƙashin baƙaƙen kaya. Akwatinka a gaba, iyali a bayansa, sannan makiyayan Toora, sannan ƙungiya, ni a ƙarshe da usur a cikin riga. Da aka gama mutane suka nufi ƙofa, ana ta yayyafi, kowa yana sauri ya shiga mota. Ni kuwa na zagaya kamar yadda ka ce. Na tsinci safar hannu ɗaya, da laimar wani, da tabaran Stav, na zuba abin da zai shiga a jakar Nola. Na duba fuskokin da ke bakin ƙofa, duk namu sun fita. Saura mutum ɗaya.

Na tsaya a bakin kabarinka. Abu biyu ka ce kada in yi, ga shi tun ba a je ko'ina ba za a sa ni in yi ɗaya. Na durƙusa da gwiwar nan tawa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, na kwance igiyar takalmina, na ɗaure a hankali. Na kwance ɗayar, na ɗaure. Ban san sau nawa na yi ba. Sai na ji hannu a kafaɗata, Nola ce ta dawo daga ƙofa ba laima. Ta ce, "Tashi, Lorna. Ba barinsa kika yi ba. Ya kai." Ita ta ɗaga ni, matar da ya kamata ni in riƙe. Muka fita tare, na bar ta ta riga ni wuce ƙofar.

Ya Allah, ga Clarrie nan ya iso da wuri, abin da ba halinsa ba. Ka jiƙansa, ka yafe masa kurakuransa, ka saka masa da alheri a kan duk wanda ya taɓa jira a hanya. Ka ba shi shimfiɗaɗɗen wuri ya kwanta, ya daɗe yana kwana a gangare. Ka buɗe masa ƙirji ya shaƙi iska ba tari. Nola, Allah ya ba ki haƙuri da ƙarfin zama a gidan da ya yi shiru, na san irinsa, kuma ƙofata a buɗe take. Bronwyn da yaranki, Allah ya dafa muku, ya sa ku gaji halinsa. Gwenda, Allah ya sanyaya miki zuciya, ki samu barci. Stav da sauran 'yan ƙungiya, mun yi rashi, Allah ya ba mu juriya. Stav, tabaranka yana wurina.

Kai kuma tsoho, ka huta, ka daina waiwaye. Na gaji, gwiwa tana ciwo, amma ina nan a baya. Na ɗaga sandata, kowa yana tafe.